Tarwada Mai Jar Wutsiya: Abin da Na Gano a Bankok da Ratchaburi

Aikin da ya kai ni Bankok, babban birnin ƙasar Tailan, bai shafi kifi ba. Na je ne in rubuta labarin 'yan kasuwarmu masu sarin tufafi da takalma a unguwar Pratunam, waɗanda kan taso daga Kano, su yada zango a Addis Ababa, su kwana a sararin sama, su wayi gari a filin jirgin Suvarnabhumi. Mai masaukina wani Alhaji ne Bakano da ya daɗe a kan wannan hanya, har yana jin yaren ƙasar gwargwadon na ciniki. Ranar wata Asabar da ba shi da lodin kaya, ya ce, Malam, shirya in kai ka Chatuchak, don wanda ya zo garin nan bai shiga kasuwar ba, da sauransa.

Jirgin ƙarƙashin ƙasa muka hau, muka fito a tashar Kamphaeng Phet. Chatuchak kasuwar ƙarshen mako ce mai rumfuna sama da 15,000, kuma zafin da ke cikin lungunanta mai ɗanshi ne, irin wanda ke jiƙa riga tun mutum bai yi nisa ba. Muka ratsa 'yan tufafi da 'yan tukwane da masu abinci har muka ɓulla ɓangaren dabbobi. A nan ne gobara ta tashi a watan Yunin 2024, ta cinye shaguna sama da ɗari, dabbobi kusan dubu suka mutu a cikin kejinansu. Daga nan taku kaɗan ne zuwa layin masu kifin ado.

Ban taɓa ganin ana sayar da kifi haka ba. Ledoji ne jere a ƙasa a bakin hanya, kowace da ruwa a ƙasanta, an hura mata iskar oksijin ta kumbura, an ɗaure bakinta da roba, an rubuta farashi a jikinta. Ga jajayen kifin zinariya, ga koyi irin na Japan, ga ƙananan kifayen faɗa kowanne shi kaɗai a kwalbarsa, waɗanda ƙasar ta ayyana a 2019 a matsayin halittar ruwa da ke wakiltarta. Mutane na tsugunawa, su ɗaga leda sama su duba, su biya su wuce.

A wata leda na ga wasu 'yan kifaye da tsawonsu bai wuce ɗan yatsa ba. Kansu faffaɗa ne, bayansu baƙi-baƙi da ɗigo, gefen jikinsu da farin zane daga baki har gindin wutsiya, wutsiyar kuma da ɗan ja a bakinta. Gashin bakinsu dogo, suna ta kaɗa shi. Duk wanda ya tashi inda ake cin tarwada, da ya gan su zai san danginta ne. Kuɗin ɗaya bai fi abin da muka biya na abincin rana ba. Wani saurayi da ke gabana ya sayi biyu, a ɗaya hannun kuma yana riƙe da sabon akwatin gilashi wanda zai iya rungumewa da hannu ɗaya. Na roƙi Alhaji ya tambayar mini mai rumfar yaya girman kifin nan yake idan ya manyanta. Matar ta yi murmushi, ta ce kifi ne mai cin abinci sosai, ba ya saurin mutuwa, yana kuma sabawa da mai shi. Duk abin da ta faɗa gaskiya ne. Amsar tambayata ce kawai ba ta bayar ba, kuma a duk layin ban ga rumfa ɗaya da aka liƙa hoton babbansa ba.

Masana kimiyya suna kiran wannan kifi Phractocephalus hemioliopterus, mutanen Burazil kuma pirarara. Asalinsa kogunan Amazon da Orinoco da Essequibo ne a Kudancin Amurka, inda yake kwanciya a ƙasan ruwa mai zurfi yana cin kifi da ƙaguwa da 'ya'yan itacen da suka faɗo. Tsawonsa yakan zarce mita ɗaya cikin sauƙi. Wanda hukumar IGFA mai ajiye tarihin kamun kifi da fatsa ta amince da shi a matsayin mafi nauyi, an kama shi a kogin Amazon a 2010, kilo 56. Ɗan yatsan nan da ke cikin leda, idan yana samun abinci, yana iya kusantar santimita 60 kafin ya cika shekara. Yana kuma iya rayuwa shekara 15 zuwa sama. Wato abin da saurayin nan ya ɗauka a leda, alkawari ne da zai bi shi har ya yi aure ya haihu.

Da Alhaji ya ga maganar ta tsaya mini a rai, sai ya tuna cewa yaron da ke yi masa tafinta a wurin 'yan lodi yana da kawu mai irin wannan kifi a gida. Aka yi waya, dattijon ya ce mu zo.

Daga Pratunam muka shiga jirgin ruwan haya da ke bin mashigin Saen Saep zuwa gabashin birni. Jirgi ne dogo mai ƙarar inji, fasinjoji na jan labulen roba a gefe don kada ruwan mashigin ya fantsamo musu. A bakin wannan mashigi akwai tsofaffin unguwannin Musulmi, muna tafe ina hango hasumiyoyin masallatai tsakanin gidajen katako da dogayen benaye. Muka sauka wajen Bang Kapi, muka ƙarasa a kan babur.

Dattijon ya tarbe mu da sallama, ya kawo shayi mai sanyi. Gidan ƙarami ne mai hawa biyu, manne da na maƙwabta. Falon ƙasa kusan rabinsa tankin kifi ya cinye, an ture kujeru zuwa lungu ɗaya. Tankin na gilashi ne mai kauri, an ɗaure shi da ƙarfe ta sama da ta ƙasa, an rufe da murfin da aka danne da bulo. Ciki babu tsakuwa, babu ciyawa, babu wani abin ƙawa. Kifi ɗaya ne kwance a ƙasa, kansa ya fi tafin hannuna biyu faɗi, wutsiyarsa ja jawur. Da dattijon ya matso, sai ya taso a hankali ya kawo bakinsa saman ruwa. Ya gane mai shi.

Na zauna na daɗe ina kallonsa. Kyakkyawar halitta ce, ba na musun wannan, kuma na fahimci abin da ke jan mutane gare shi. Amma da ya zo juyawa sai na ga abin da ya sa jikina ya yi sanyi. Faɗin tankin bai kai tsawon kifin ba, saboda haka sai ya lanƙwasa jiki, ya goga baki a gilashi, sannan ya iya komawa inda ya fito. Leɓensa na ƙasa ya yi kanta saboda gugar. Ɗaya daga cikin dogayen gashin bakinsa ya karye ya warke a karkace. Gashin nan kuwa ba ado ba ne. Da shi kifin yake ɗanɗano yake lalubar abinci a cikin duhun ruwa, shi ne idonsa na gaskiya.

Dattijon bai ɓoye komai ba. Ta bakin tafinta ya ba mu labari cewa ɗansa ne ya sayo kifin yana makarantar sakandare, aka sa shi tare da wasu ƙananan kifayen ado. Kullum aka wayi gari sai a ga an rasa ɗaya, har suka ƙare. Aka sayi tanki na biyu, ya yi masa kaɗan, aka sayi na uku. Yaron ya gama karatu ya tafi aiki wani lardi, kifi ya zama na uba. Ya ce dalilin da ya sa tankin ya zama fayau shi ne, duk abin da zai shiga bakin kifin nan sai ya haɗiye. Ya taɓa haɗiye tsakuwa, ya taɓa haɗiye kan bututun matatar ruwa, daga baya ya amayo su, ruwan ya ɓaci gaba ɗaya cikin dare. Bulon da ke kan murfi kuma, saboda idan ya firgita yana iya bankaɗe murfin da duka ɗaya.

Sai ya zagaya da mu bayan gida, inda ainihin aikin yake. Manyan durom-durom na roba ne cike da soso da tsakuwar tacewa, famfon lantarki yana zuƙo ruwan tanki yana ratsa su yana mayarwa, dare da rana. Abin da ke faruwa a nan ya kamata duk mai sha'awar kiwon kifi ya sani. Kifi mai cin nama yana fitar da sinadarin amoniya da yawa, amoniya kuwa guba ce gare shi. Ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a jikin soson su ke juya ta zuwa naitirait, wadda ita ma guba ce, sannan zuwa naitiret mai sauƙin illa. Ita naitiret ɗin taruwa take yi, ba ta da mafita sai a zubar da wani kaso na ruwan a zuba sabo, kuma sabon sai an kashe kulorin ɗin da ke cikinsa. Dattijon yana yin wannan duk mako. Idan aka ɗauke wuta na sa'o'i, famfo ya tsaya, bakteriyar nan su fara mutuwa, iska ta ragu a ruwa. Ya nuna mana ɗan injin iska mai batir da ya tanada saboda haka. Alhaji ya dube ni, na dube shi. Mun san yadda wutar lantarki take a garuruwanmu.

Abinci kuwa, ya ce da yana ƙarami kullum ake ba shi, yanzu sau ɗaya ko biyu a mako, yankan kifi da jatan lande da ƙwayar abincin kifi ta kamfani. Da farko ɗansa yakan sayo ƙananan kifin zinariya masu rai ya jefa masa don abokai su yi kallo. Ya hana. Ya yi daidai, domin ban da rashin tausayin da ke ciki, kifin zinariya yana ɗauke da wani sinadari mai lalata bitamin B1 a jikin wanda ya dimanci cinsa, yana kuma shigo da cuta cikin tanki. Naman kaji da na shanu ma masu kiwo na gargaɗi a kansu, saboda kitsensu yana taruwa a hantar kifi.

Na tambaye shi maganar da na sha ji, wai kifi daidai girman mazubinsa yake girma. Ya girgiza kai ya nuna tankin. Wannan magana ita ce ƙaryar da ta fi kowace sayar da irin waɗannan kifaye. Abin da ke faruwa a ƙaramin mazubi shi ne ruwa ya gurɓace, kifi ya tsumbure, ƙashin bayansa ya karkace, ya mutu tun bai kai rabin kwanansa ba. Wanda ya jure kuma ya ci gaba da girma har gilashi ya tsaga. Masu kiwon da suka san abin suna maganar lita 10,000 zuwa sama ga babban kifi ɗaya. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, wato tan goma ke nan kafin a sa nauyin gilashi da ƙarfe. Wannan ya tashi daga kayan falo, ya zama gini. Sayen kifin nan don akwatin gilashi daidai yake da sayen ɗan maraƙi a ɗaure a ɗakin kwana saboda yana da kyau ranar da aka haife shi.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne dattijon yana son kifin. Ya ce ya nemi inda zai kai shi ya sami sarari, amma duk wanda ya tuntuɓa yana da irinsa fiye da buƙata. Wannan matsala ba ta Tailan kaɗai ba ce. A Birtaniya, gidajen nuna kifi sun gaji da karɓar kiran mutanen da kifi ya fi ƙarfin tankinsu, har ƙungiyar gidajen namun daji da na kifi ta ƙasar, BIAZA, ta mara wa wani gangami mai suna Big Fish Campaign baya, don a daina sayar wa jama'a kifaye masu girma sosai irin su mai jar wutsiya da paku da fangasiyus. Dattijon ya ce sakin shi a mashigi bai taɓa kwanta masa ba, tsare shi a haka ma bai kwanta masa ba. Shi da kansa ya kawo hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ya ce shi yana ciyarwa, amma yana tsoron a tambaye shi game da ƙuncin. Yana tara kuɗi ya gina kwamin siminti a ɗan filin da ke bayan gidan. Mun yi sallar La'asar tare a masallacin unguwar, muka yi bankwana.

Na so in ga kifin a inda yake da wurin juyawa, saboda haka muka ɗauki mota zuwa lardin Ratchaburi, kimanin kilomita 100 yamma da Bankok. Lardin ya shahara da gonakin kifin ado, kuma hanyar cike take da kwamaye da rumfunan raga. A can akwai tafkunan da ake biya a yi kamun kifi da fatsa, an zuba musu manyan kifaye daga nahiyoyi daban-daban. Masu yawon buɗe ido daga Turai da Japan suna zuwa musamman saboda su. A gabana wani Bature ya yi ta fama da sandar fatsarsa, ta lanƙwashe kamar za ta karye, har ma'aikata biyu suka shiga ruwa da babbar koma suka tallafo abin da ya kama. Mai jar wutsiya ne. Sai da mutum biyu suka rungume shi kafin a ɗauki hoto, yana wani gurnani da ake ji daga bakin tafki. Aka cire ƙugiya, aka sa masa magani a wurin, aka sake shi. Duka ɗaya ya yi da wutsiya ya ɓace.

Ba zan ce rayuwar tafkin nan ita ce daidai ba, kifin da ake kamawa ana saki ana sake kamawa yana shan tasa wahalar. Amma a nan na ga faɗin ƙirjinsa da ƙarfin bugunsa, na kuma tabbata cewa duk wanda ya ga wannan da idonsa ba zai miƙa kuɗi a kan ledar Chatuchak ba sai in ya mallaki tafki.

Kafin in bar ƙasar na tsallaka kogin Chao Phraya zuwa mashayar wurin ibadar Wat Rakhang. A nan mabiya addinin Buddha suke jefa wa kifi burodi, ruwan yana tafasa da kifin da suke kira pla sawai, suna kuma sayen kifi mai rai a bokiti su saka a kogi don neman lada. Na leƙa bokitan, sai ga fuskar da na sani. Tarwada ce. A ƙarshen shekarun 1980 aka shigo da tarwadarmu ta Afirka ƙasar nan, aka yi mata barbara da tasu ta gida, irin da aka samu ya mamaye gonakin kifi da kasuwanni. Hukumar kula da kifi ta ƙasar tana ta jan kunnen jama'a kada su riƙa sakin wannan iri a koguna, domin yana cinye 'ya'yan kifayen gida. Duk mai kiwon tarwada a Kano ko Zariya ya san halinta, in bai ware manya daga ƙanana ba, zai tarar da kwami ya ragu. A Indiya an haramta kiwonta ɗungurungum.

Haka abin yake zagayawa. Tarwadar Asiya mai tafiya a tudu, daga Tailan aka kai ta jihar Florida ta Amurka a shekarun 1960 don kasuwar kifin ado, ta kuɓuce, yau ta zama 'yar gida a kudancin jihar. Kifin share gilashi na Kudancin Amurka, wanda masu akwatin ado suka riƙa zubarwa, ya cika mashigan Bankok. A 2024 kuma wata karfasa mai baƙin haɓa, 'yar asalin gaɓar Afirka ta Yamma, ta bazu a larduna 19 na Tailan, ta lalata gonakin jatan lande, har gwamnati ta riƙa sayen ta baht 15 na kuɗin ƙasar kowane kilo don a rage ta. Ana cikin haka, manyan kifayen ƙasar na asali suna ƙarewa. Ƙatuwar tarwadar kogin Mekong, wadda aka kama mai kilo 293 a Chiang Khong a 2005, tana cikin jerin halittun da ke dab da ɓacewa. Haka ma 'yar'uwarta ta Chao Phraya mai cin nama, wadda ake ƙyanƙyasar 'ya'yanta a gonaki ana sayarwa a leda, su ma su tafi su yi ta karo da gilashi a falon mutane.

Na ga laifin mai saye, amma na fi ganin na mai sayarwa. Yaro ɗan makaranta bai san abin da zai faru bayan shekara biyu ba. Mai rumfa ya sani sarai, shirunsa kuma shi ne ribarsa.

Wannan sha'awa ta fara shigowa garuruwanmu. Akwatunan kifin ado sun fara bayyana a otal-otal da ofisoshi da falukan masu hali a Abuja da Kano da Kaduna, kuma yawancin kifayen ado na duniya daga irin waɗannan gonaki na Asiya suke fitowa. Ruwanmu mai ɗumi ne duk shekara, babu hunturun da zai kashe baƙon kifi daga Amazon idan aka jefa shi a dam, alhali dubban masunta da iyalansu da kifin ruwan nan suke ci. Ina roƙon masu shagunan kifin ado su liƙa hoton babban kowane kifi da tsawonsa kusa da ƙaraminsa, su kuma ƙi sayar da mai jar wutsiya ga wanda ba shi da kwami. Kai kuma mai saye, kafin ka taya, tambayi iyakar girmansa da shekarun da yake yi, ka duba da kanka a intanet. Idan kuwa ka riga ka saya ya fi ƙarfinka, nemi mai babban kwami ko jami'an kula da kifi na jiharka. Kada ka kai shi dam ɗin Tiga, kada ka kai shi na Challawa, kada ka jefa shi a kogin Kaduna.